Maganin PCOS ya hana ni sakat da gudawa, na daina sha a ɓoye

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya haƙuri da mu? Don Allah a sakaya sunana.

Shekarata 27, shekara 3 da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Tun ina budurwa al'adata ba ta da tsayayyen lokaci, sai in yi wata 2 ko 3 ban gan ta ba. Ga gashi yana fito mini a haɓa, ga wuyana ya yi baƙi kamar ba na cuɗa shi. Watan jiya na ga likitar mata, aka yi mini sikanin da gwajin jini, ta ce PCOS gare ni, wato matsalar gidan ƙwai da ke rikita al'ada. Ta rubuta mini metfomin, ƙwaya mai miligiram 500, sau 3 a rana. Da murnata na fara sha a ranar.

Ni malamar firamare ce, ƙarfe 7 nake fita neman adaidaita, don haka na safe da ruwan shayi kawai nake kora shi. Tun kwana na 2 cikina ya fara ƙugi da murɗawa, sai gudawa, sai tashin zuciya, bakina kuma kamar na tsotsi ƙusa. Akwai ranar da sau 3 ina barin yara a aji ina rugawa banɗaki, banɗakin makarantarmu kuwa ba sai na yi miki bayani ba. Mai kemis na layinmu ya ce taifot ce, ya haɗa mini Flagyl da wasu ƙwayoyi, abin sai ya ƙaru. Uwar mijina da ta ga kwalin ta ce ai wannan maganin masu ciwon suga ne, zai lalata mini ƙoda, ta aiko mini da jarkar maganin gargajiya, wai na wankin mahaifa.

Yau kwana 10 da na daina shan na asibitin, cikina kuma ya lafa. Maigidana bai sani ba. Shi yake saye, kullum da dare sai ya tambaye ni ko na sha, in ce masa e. Saura sati 2 in koma wajen likita, kunyar haɗa ido da ita nake ji. Ina son haihuwa kamar me, amma wallahi in na tuna kwanakin nan gabana faɗuwa yake yi. Ga kuma bashin azumi 7 a kaina. Anti, ya zan yi?

Ƙanwarki daga Kano.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, kin sha fama. Allah Ya ba ki lafiya, Ya kawo masu albarka.

Amsar abin da ya same ki tana cikin wasiƙarki. Kin fara magani, kwana 2 ciki ya rikice. Kin daina, ya lafa. Taifot ba ta zuwa da haɗiyar ƙwaya ta tafi da barinta. Wannan aikin metfomin ne, kuma sanannen halinsa ne. A cikin mutum 10 da suka fara shansa, 2 ko 3 sai sun yi kukan gudawa, ko kumburin ciki, ko tashin zuciya, ko wannan ɗanɗanon ƙarfen da kika kwatanta da tsotsar ƙusa. Amma waɗanda abin ke gagara har su haƙura da maganin gaba ɗaya ba su da yawa, wajen 5 cikin 100 ne. Sauran cikinsu sabawa yake yi a 'yan makonni, in dai an lallaɓa shi. Ke kuwa ba a lallaɓa naki ba. Miligiram 1,500 kika zuba wa hanjin da bai taɓa ganin maganin ba tun ranar farko, kashi ɗaya cikin uku kuma a kan ruwan shayi.

Ba zan yanke wa likitarki hukunci ba tunda ban ji ta bakinta ba. Na dai san yadda asibitinmu yake. Abin da ake rubutawa a takarda sau da yawa shi ne inda ake so a kai, bayanin yadda za a hau zuwa can kuma a baki ake yi, ga mata 40 a benci suna jira, ga mai ba da magani yana ja layi uku a jikin leda ya miƙo ta taga. A tsakanin ɗakin likita da wannan tagar bayanin ke ɓacewa.

Bari in ɗauki maganar Hajiya, uwar mijinki, tukuna, don na san ita ta fi tsaya miki a rai. Rabin zancenta gaskiya ne. Metfomin maganin ciwon suga ne. A Faransa aka fara ba marasa lafiya shi a 1957, a hannun wani likita mai suna Jean Sterne, da sunan Glucophage da har yau kike gani a kemis. To me ya haɗa ki da shi? Akwai wani sinadari a jiki, insulin, aikinsa ya kwashe suga daga jini ya shigar da shi cikin tsoka. Mata da yawa masu PCOS jikinsu yana yi wa insulin kunnen ƙashi, sai an turo mai yawa kafin ya saurara. Wannan yawan nasa shi ke zuga gidan ƙwan mace ya riƙa fitar da sinadarin maza fiye da ƙima. Daga nan gashin haɓa ke fitowa, daga nan kuma ƙwai ke fara girma ya tsaya a hanya bai nuna ba, wata ya wuce babu al'ada. 'Yan ƙulle-ƙullen da aka gani a sikanin ɗinki su ne waɗannan ƙwayayen da suka maƙale, kada wani ya tsorata ki da cewa ƙari ne. Baƙin wuyanki ma sawun insulin ɗin ne, ki daina gurza shi da soso, kada kuma ki kai masa man bilicin. Metfomin yana rage sugan da hanta ke zubowa cikin jini, yana sa jiki ya riƙa jin maganar insulin, sai yawan nasa ya sauka. Ba sai mace tana da ciwon suga ake ba ta ba.

Rabin da Hajiya ta kuskure shi ne na ƙoda. Metfomin ba ya cin ƙoda. Ta ƙoda dai yake fita, cikin fitsari, shi ya sa wanda tasa ta riga ta yi rauni ake rage masa ko a hana shi, don kada ya taru a jini. Abin da mutane ke gani shi ne tsoho ya shekara 20 yana shan maganin suga, daga baya a ce ƙoda ta taɓu, sai a ɗora wa ƙwaya laifin da sugan da hawan jini suka yi. In ba a yi miki gwajin ƙoda ba kafin ki fara, ki nemi a yi, jini kaɗan ake ɗiba. Sai hankalinki da nata su kwanta.

Shi kuma ciki, dalilin da ya sa yake fara kuka shi ne maganin ya fi taruwa a bangon hanji fiye da cikin jini. A can yana hana hanji tsotse wani ɓangare na ruwan maɗaciya, sai ruwan ya gangara babban hanji ya jawo ruwa, ga gudawa. Yana kuma sauya zaman ƙananan halittun da ke rayuwa a hanji, ga iska da ƙugi. Ƙarfin abin yana bin yawan maganin da ya sauka a lokaci guda, da kuma ko ya tarar da abinci ko ya tarar da wayam. Waɗannan biyun duka a hannunki suke.

Ga yadda aka saba hawa. Ƙwaya ɗaya tak, mai 500, sau ɗaya a rana, da abincin dare. A zauna a haka sati 1 zuwa 2. In ciki ya yi shiru, a ƙara ta biyu da abincin safe. A sake zama sati 1 zuwa 2, sannan ta uku. Wannan shi ne abin da ƙa'idar kula da PCOS ta ƙasa da ƙasa ta 2023 ta ce, wadda jami'ar Monash ta Ostireliya ta jagoranci haɗawa: a fara da kaɗan, a riƙa ƙara 500 duk sati 1 ko 2. In kin hau mataki ciki ya sake rikicewa, ki koma na baya ki ƙara sati 2 a can kafin ki sake gwadawa. Babu wanda ke ƙirga miki kwana. Na san matan da sai da suka yi wata 2 kafin su kai 1,500, da waɗanda a 1,000 suka tsaya likita ya ce ya wadatar. Tunda kin yi kwana 10 ba ki sha ba, hanjinki ya manta maganin, daga ƙasa za ki fara. Ranar da kika manta ƙwaya kuma, ta wuce ke nan, kada ki haɗa biyu don rama bashi.

Tunda ke malama ce, ki fara ranar Juma'a da dare. Asabar da Lahadi kina gida, banɗakinki na kusa. Duk lokacin da za ki ƙara ƙwaya ma ki bari sai Juma'a ko Asabar. Makonnin farko kuma babu ƙwayar safe sam, don haka aji ya huta da guje-guje.

Yanzu maganar "da abinci", don a nan mata da yawa ke faɗuwa. Ruwan shayi ba abinci ba ne, ko da an zuba madara. Biskit 2 ba abinci ba ne. Kuma ba a so ki haɗiye ƙwayar sannan ki tafi ɗora tukunya. Ki zauna gaban tuwonki, ki ci kamar rabi, ki haɗiye ƙwayar da ruwa kofi guda, sannan ki cinye sauran. Ta shiga tsakiya ke nan, abinci a ƙasa abinci a sama. Wannan ɗan abin da bai kai ya kawo ba shi ke raba mace da tashin zuciya sau da yawa. Idan lokacin ƙwayar safe ya zo, kuma ƙarfe 7 ya yi miki wuri ki ci abin kirki, ki tafi da abincinki a kula ki sha maganin a lokacin tara, in yara sun fita. Ɗumamen tuwo, ko dafaffen ƙwai 2 da burodi, ko alala. Abin da ake so dai ya zama mai riƙe ciki.

Irin abincin ma yana da tasa rawar, musamman a watan farko. Mai da yawa da zaƙi da yawa su ne ke hura wutar. Ƙosai da fanke masu ɗigar mai, awara da yaji, soyayyar doya, shinkafa da mai da yaji faranti tim, lemun kwalba, zoɓo da kunun aya da aka cika wa sukari, duk wanda kika ɗora wa metfomin za ki ji a jikinki. Ban ce haramun ne ba, na ce ki ɗaga musu ƙafa har ciki ya saba. Tuwon dawa ko na gero da miyar kuka ko kuɓewa marar mai da yawa, acha, faten dankali, kifi ko kaza a dafe, sun fi kwanciya. Wake da ganye, irin su kwaɗon zogale da ɗanwake, abinci ne masu kyau ga mai PCOS don ba sa ɗaga suga da sauri, amma wake yana da iska. Ki shigo da shi kaɗan-kaɗan, ki jiƙa shi ya kwana ki zubar da ruwan kafin ki dafa. In kin lura madara tana ƙara miki gudawa, ki koma kindirmo marar sukari, ya fi sauƙi a ciki. Ki ci kaɗan sau da yawa maimakon ki wuni da yunwa ki zo ki ɗura da dare. Ruwan citta mai ɗumi yana ɗan kwantar da tashin zuciya. Ɗanɗanon ƙusa kuma shi kaɗai yake tafiya, kafin nan asuwaki ko yanki na lemun tsami a ruwa yana rage shi.

Akwai kuma abin da nake so ki roƙi likitarki da bakinki. Metfomin iri biyu ne. Akwai mai narkewa nan take, wanda nake kyautata zaton shi kika sha. Akwai mai sakin kansa a hankali cikin sa'o'i, za ki ga an rubuta XR ko SR ko ER a gefen sunan. Wannan na biyun sau ɗaya aka fi shansa, da abincin dare, kuma mata da yawa da na farkon ya wahalar sun samu sa'ida da shi. Ya fi tsada, wannan gaskiya ne, amma mai arha da aka ɓoye a ƙasan akwati ba a sha ai ya fi shi tsada. Ki saya a kantin magani mai rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Shi ba a raba shi biyu, ba a tauna shi, ba a daka shi, a dunƙule ake haɗiye shi.

In an sauya miki zuwa shi, ga abin da zai iya ba ki tsoro. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa wajena da abu ƙunshe a leda biyu, ranta a ɓace, ta ce an sayar mata da jabu, ƙwayar tana fita a bayan gida yadda ta haɗiye ta. Har ta yi niyyar komawa ta yi wa mai kanti tas. Ɓawon ne kawai. An yi ƙwayar kamar soso, maganin yana tsatsafowa daga ciki a hankali, gangar jikin kuma wani lokaci ta fito a kumbure, babu komai a cikinta. Da na matsa mata shi da tsinke ta ga ya dagargaje kamar jiƙaƙƙen burodi, dariya ta yi har da riƙe ciki.

Na dawo kan mai kemis. Ana kukan targaɗe ya kawo karaya. Flagyl shi kansa yana sa tashin zuciya, kuma yana cikin magungunan da suka fi kawo ɗanɗanon ƙarfe a baki. Ya ɗora miki irin ciwon a kan irinsa. Mun mai da Flagyl maganin kowace gudawa, mun mai da taifot sunan kowane ciwon ciki, alhali gwajin Widal da ake dogaro da shi yana yawan nuna akwai a jikin wanda ba shi da ita. Gudawar metfomin babu ƙwayar cutar da za a kashe a cikinta. Kuma in kina cikin gudawa ki guji magungunan kashe ciwo irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda masu kemis ke son jefawa cikin haɗi. Su ne ke matsa wa ƙoda idan jiki ba ruwa. In dole ne, farasitamol.

Jarkar Hajiya kuwa ki karɓa hannu biyu, ki yi godiya, ki ajiye. Soyayya ce ta sa ta aiko, da ɗokin jika. Amma ba ki san abin da ke ciki ba, wataƙila ita ma ba ta sani ba. Yawancin abin da ake kira wankin ciki ko wankin mahaifa da gudawa yake nuna wai yana aiki, ana yawan sa filasko da danginsa. Haka shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp. Hulba ma da mata ke sha kamar ruwa tana kumbura ciki, tana sa zawo in ta yi yawa. Ki haɗa waɗannan da metfomin, in ciki ya ɓaci ba za ki san wa za ki kama ba. Mahaifarki kuma ba datti gare ta ba. Ba ke za ki yi musu da Hajiya ba, wannan aikin ɗanta ne. Ya ce mata likita ta ce kada a haɗa da komai sai an gama wannan zagayen. Iyaye suna jin "likita ta ce" daga bakin ɗansu fiye da daga bakin suruka.

Akwai lokutan da ni da kaina zan ce ki dakatar da maganin, ki riƙe su da kyau. In zazzaɓi mai zafi ya kama ki, ko amai ya ƙi tsayawa, ko gudawa ta yi yawa har bakinki ya bushe, fitsari ya ragu ya yi ja, ki ajiye metfomin har sai kin koma ci da sha kamar kullum na kwana 1 ko 2. Dalili shi ne in jiki ya rasa ruwa ƙoda ba ta iya fitar da shi yadda ya kamata, sai ya taru, kuma a nan ne wata matsala mai haɗari ke iya faruwa, inda jini ke yin tsami. Ba kasafai take faruwa ba, ba ma kamar ga mace mai shekarunki mai lafiyar ƙoda, amma zafin Kano na watan Maris da Afrilu ba ya raga wa mai gudawa. Alamominta numfashi da sauri-sauri kamar an yi gudu, ciwon tsoka, sanyin jiki, kasala mai tsanani da magagi. Wannan na asibiti ne a daren, ba na jiran safiya ba. Haka jini a bayan gida. Ki ajiye ƙunshin ORS a gida. In babu, lita 1 na tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ki riƙa kurɓa. In kuma za a yi miki tiyata, ko hoton da ake ɗura wani ruwa ta jijiya kafin a ɗauka, ki gaya musu kina shan metfomin.

Kafin ki sake haɗiyar ko da ƙwaya ɗaya, ki sayi tsinken gwajin ciki ki gwada da fitsarin asuba. Mace mai al'ada irin taki ba ta da ɓatan watan da zai ankarar da ita. Nan gaba ma, in kin saba da maganin, ciki ya yi shiru makonni, sai kwatsam tashin zuciya ya dawo, kada ki ce metfomin ne, ki sake gwadawa. Maganin yana iya dawo da sakin ƙwai tun kafin ki ga al'ada ta daidaita. In ya nuna akwai, ki sanar da likita ita za ta ce a ci gaba ko a tsaya. In kuma ciwo mai tsanani ya soke ki a gefe ɗaya na mara, ko da ɗigon jini ko babu, ki tafi asibiti nan take, don a tabbatar ba ciki ne ya zauna a wajen mahaifa ba. Folik asid, ƙaramar ƙwayar nan da ake ba masu ciki, tun yanzu ya kamata ki fara, ba sai an samu ba.

Abu ɗaya na nesa: shan metfomin shekara da shekaru yana rage bitamin B12 a jikin wasu. In abin ya yi tsawo, a riƙa dubawa lokaci-lokaci, musamman in kin ji yawan gajiya ko tafin ƙafa yana yi miki kamar ana tsikarinki da allura. Nama, hanta, kifi, ƙwai da nono su ne gidansa.

Ramuwar azuminki tana da fili har zuwa Sha'aban, ba lallai sai a makonnin nan da kike lallashin cikinki ba. Ko ki rama yanzu kafin ki koma kan maganin, ko ki bari sai kin daidaita. Idan Ramadan ya zo kina sha, metfomin shi kaɗai ba ya cika faɗar da suga ƙasa, don haka yawanci ba ya hana azumi. Mai sha sau ɗaya ta sha da buɗa-baki, mai sau biyu ta raba tsakanin buɗa-baki da sahur, mai sau uku ta zauna da likita tun kafin wata ya kama a tsara mata. Amma da buɗa-baki ba ina nufin a kan dabino 3 da ruwan sanyi ba, kuma ba a kan ƙosai da kunun tsamiya mai sukari ba. Ki bari sai kin yi Magariba kin zauna cin abinci na sosai.

Saura maganar da ta fi wuya, ta maigida da ta likita. Wannan "e" da kike ce masa kullum da dare ta fi gudawar cin ranki, na ji haka a rubutunki. Mutumin da ke sayen magani da kuɗinsa, yake kuma tunawa ya tambaya, ba abokin gaba ba ne. Ki gaya masa a daren nan, kamar yadda kika gaya mini, har da sau 3 ɗin da kika bar aji. Maza da yawa ba su san girman abin ba sai an zana musu. Ki nuna masa wannan amsar in bakinki ya yi nauyi.

Likita kuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kika je kika ce kina sha, za ta duba ta ga babu sauyi, ta ɗauka 1,500 bai ishe ki ba, ta ƙara miki. Kin ga an gudu ba a tsira ba. Kada ma ki jira sati 2 ɗin, ki je ko ki kira a wannan satin. Ki ce mata: na sha kwana kaza, ga abin da ya faru, na daina ranar kaza, na sha Flagyl a tsakani, ina so in sake farawa da ɗaya da dare, ko a sauya mini zuwa XR. Wallahi ba ke ce ta farko da ta faɗa mata haka ba, ba mamaki ko ta ranar ba ke ce ta farko ba. Ki gaya mata kuma duk lokacin da kika haura wata 3 babu al'ada, don ba a so bangon mahaifa ya daɗe haka yana kauri, akwai ƙwayar da ake bayarwa ta sauko da jinin.

In kuma kin bi duk wannan da gaskiya, kin hau a hankali, kin gwada XR, wata 2 ciki ya ƙi, to kina cikin 5 ɗin nan cikin 100 da maganin ke gagara, kuma ƙofar haihuwa ba ta rufe ba. Metfomin mataimaki ne a wannan tafiyar. Maganin da ƙa'idar 2023 ta sa a gaba wajen sa mai PCOS ta saki ƙwai shi ne letrozol, sai kulomifin da aka fi sani da Clomid, ana shansu kwana 5 kacal a farkon zagayen wata, ƙarƙashin kulawar likita. Kada ki saye su da kanki don wata a makaranta ta ce ita da shi ta samu. Ba ki faɗa mini nauyinki ba, amma in akwai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki kaɗai yana dawo wa mata da yawa da al'adarsu. Mai kilo 80, kilo 4 zuwa 8 ke nan, da gyaran ci da tafiyar ƙafa ta minti 30 a yawancin ranaku. Ramar gudawa ba ta cikin lissafi, ruwa ne, zai dawo.

Kuma tunda shekara 3 ce, ki tambayi likita a gaban maigida ko an taɓa yi masa gwajin maniyyi. Samun PCOS a jikinki bai wanke shi ba, ana iya samun matsala ta ɓangare biyu a gida ɗaya, gwajin nasa kuma ya fi duk naki sauƙi da arha. In daga bakin likita tambayar ta fito, ya fi sauƙin haɗiya.

Ki ware shafi ɗaya a bayan littafin shirin darasinki. Kullum ki rubuta ƙwaya nawa kika sha, da me kika ci, da sau nawa kika zaga, da ranar da al'ada ta zo. Layi ɗaya ya isa. Ki tafi da shi asibiti, tare da kwalin maganin da ledar haɗin mai kemis in tana nan. Ƙwayoyin 500 da suka rage kada ki zubar, in likita ta amince da su za ki fara ranar Juma'a.